Dattijon da Ke Ƙara Girman Haruffa

A wani shagon buga takardu da ke bakin kasuwar Gaya akwai wani dattijo mai furfura, sanye da shaddar da guga ta cinye wuyanta. Ban san sunansa ba. Ina zaune ina jiran ya buga mini takarda, ina lura da shi.

Ba ya taɓa linzamin kwamfutar. Yakan buɗe wani baƙin fili a fuskarta, ya rubuta umarnin da ya haddace, nan take haruffa su yi girman goro. Ina zaton 'yar kibiyar da ake nuni da ita ta daɗe da ɓace wa idanunsa.

Mai shagon, wanda bai wuce sa'ar ɗansa ba, ya leƙo.

"Baffa, ka sake dagula mini saitin nan? In idon ne ka faɗa, akwai masu son kujerar."

"Lafiyarsa ƙalau, Alhaji."

Ya rubuta wani umarnin, haruffan suka koma kamar ƙwayar gero. Ya karɓi takardata, ya matso da ita har tana shafar hancinsa. Can ya yi ƙasa da murya.

"Malama, rubutunki yana da kyau. Amma daure ki karanta mini a hankali."