Kawu Iliya da Injin Niƙansa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon Kawu Iliya a Makarfi ya san hularsa. Kafin ya danna maɓallin da ke juya rubutun manhaja ya koma abin da kwamfuta ke ganewa, sai ya cire hular, ya kifa ta a kan allon, ya yi bisimilla. Wai kada kwamfuta ta ga ya zo mata da girman kai. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana koyar da lissafi a Ikara, sai da ya yi ritaya ya duƙufa koyon yaren kwamfuta na C daga wani littafi da gara ta ci rabinsa!

Kwamfaila kuwa, wato abin da ke yin juyin, bai taɓa kiranta da sunanta ba. Injin niƙa yake ce mata. Rubutunka hatsi ne, sai an niƙa ake ci. Shi ya sa kowane kuka ka kawo masa, tambayarsa ɗaya ce: "Ka kai niƙa?"

Kun tuna kwalinsa? In injin ya zubo kurakurai arba'in, sai ya sa guntun kwalin sabulu ya rufe talatin da tara. Alhaji Sani mai kemis, wanda ya shiga koyo da furfurarsa, ya taɓa cewa, "Malam, buɗe in ga sauran mana."

"Na farkon ne mai laifi, Alhaji. Sauran 'yan rakiya ne. Sallami wannan ka gani."

Da aka gyara na farkon, duk suka watse. Alhaji ya ce don Allah a ara masa kwalin ya kai gida, 'ya'yansa tara.

Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka "Uwata" yake kirana, amma bai taɓa raga mini ba. Ranar da zan kare aikina na kammala karatu a Zariya na tabbatar da haka. Ƙarfe biyu za a kira ni. Na riga na faɗi sau ɗaya, in na sake, makaranta ta sallame ni. Manhajar tana lissafa wa manomi buhun takin da gonarsa ke buƙata. Ƙarfe goma na safe na gwada ta a shagon da gonar Kawu da ke ƙauyen Taba, kadada biyu. Ta ce buhu miliyan huɗu.

"Ikon Allah," in ji Kawu yana kurɓar koko. "Ashe gonar ta girma ban sani ba."

Da kaina na gano laifin: ban sa wa ma'ajiyar jimla sifili ba, sai ta fara ƙirge daga tarkacen da ta tarar. Na gyara, na kunna. Miliyan huɗu! Na sake dubawa, na sake kunnawa. Miliyan huɗu! Ga babu wuta, cajin laftof saura kashi tara.

"Kawu, a tayar da janareta."

"Janareta ba ya tashi don kuka."

Sha ɗaya ta gota, motar Zariya kuma sai ta cika take tashi. Sai na ji ya ce, "Uwata, kin kai niƙa?"

Ban san lokacin da na ɗaga masa murya ba. "Haba Kawu! Yau ma wasa?"

Ya miƙo sandarsa ya nuna lokacin da ke rubuce gefen fayil ɗin da nake ta kunnawa. Jiya, ƙarfe biyar na yamma. Rubutun nake ta gyarawa ban sake juya shi ba.

"Garin jiya kike ta tuƙawa," ya ce.

Na niƙa, caji saura uku. Buhu goma sha biyu! Ina gama kwafewa a filas, 'yar na'urar nan ta ajiyar fayil, laftof ya mutu. Na ruga tasha ko sallama ban yi ba. Na ci, alhamdu lillahi, amma wata guda ina fushi da shi. Abin da ya fi ƙona mini rai, ranar ko hular bai cire mini ba, shi da ke cire wa kowa.

Da ya rasu a daminar bara, matarsa Inna Rabi ta ba ni hular. Na ji wani abu mai tauri a cikin ninkinta. Filas ne, an liƙa masa takarda da rubutunsa: "Na Uwata, in ta kasa." Na buɗe. Manhajata ce, wadda na bari a kwamfutarsa, gyararriya, niƙaƙƙiya. Lokacin da ke gefenta, ƙarfe bakwai na safiyar ranar da na kare aikina. Ashe duk zufar da nake yi, tana bisa kansa.

Na yi dariya har na koma kuka, don ban taɓa neman gafararsa a kan tsawar nan ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Iliya, Ya rufe masa kurakuransa duka, har da na farkon. Ya sa can ta fi masa nan. Amin.