Kunyar 'Yar Fari

A Fagge an san bakina ba ya mutuwa. Na taɓa tsayar da mai adaidaita sahu a tsakiyar titi na wanke shi tas saboda ya fantsama min ruwan kwata. Amma ranar da ya kamata in yi magana, sai na yi gum.

Kwana uku da haihuwar 'yata ta fari idanunta suka koma ruwan ɗorawa. Aka kwantar da mu a wani asibiti a Sabon Gari, aka ce shawara ce. Suka tuɓe ta, suka rufe mata ido, suka kwantar da ita a ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske.

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita ke zaman jinya da mu. A wajenta, mace ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban manya rashin ta ido ne. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a tambayar lafiyarsa. Ni kuwa ina so a ce 'yar gidan mutunci ce.

Nas ɗin ɗakin 'yar ƙabilar Ibo ce, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Ta tsaya a kaina ta ce, "Maijego, kin gane aikin fitilar nan?"

Na sunkuyar da kai. Gwaggo ta ce, "Sista, 'yar fari ce. Ni za ki yi wa bayani."

Ta yi bayanin. Ni kuwa na juya baya ina ninke zanen da na riga na ninke, don kada a ce na kasa kunne. Rabi na ji, rabi ya wuce ni. Gwaggo tana ta "to, to", nas na fita ta taɓe baki ta ce, "Wai a shanya jaririya sai ka ce kilishi!" Har dariya na yi, Allah Ya yafe min.

Rana ta shida aka ce gobe suna. An sayi rago, dangin maigidana sun iso daga ƙauye. Gwaggo ta buɗe idon yarinya ta ce ya washe. Likita ya ce a ƙara kwana biyu, maigidana ya baro shagonsa na atamfa ya sa hannu a takarda cewa mu muka zaɓi tafiya.

A bakin ƙofa nas ta riƙo hannuna. "Ke ce uwa. In kina da tambaya, yi ta yanzu."

Ina da ita, tana nan a kan harshena: in muka cire ta daga fitilar, me zai same ta? Gwaggo na tsaye da kwandon kaya tana kallona. Na ce, "Babu."

An yi suna, an ci nama. Kwana biyu bayan haka yarinya ta ƙi nono, tana wani siririn kuka, tana banƙarewa. Muka koma a guje, aka sauya mata jini. Ta rayu, alhamdu lillahi. Sai dai likita ya ce shawarar ta hau ƙwaƙwalwa, kuma abin da fitilar ke karewa ke nan. Nas ɗin ta gan ni, ta ci gaba da aikinta. Da ma ta zage ni, da ya fi min sauƙi.

Ba na ɗora wa Gwaggo laifi. Iyakar abin da ta sani ke nan, kuma har ta rasu yarinyar na goye a bayanta. Ni ce na yi sakandare, ni aka tambaya. Abin yana cina har yau.

Yanzu yarinyar shekararta tara, tana makarantar kurame. Kunyar nan na daɗe da jefar da ita. A gaban kowa nake kiran sunanta, a gaban surukai ma, da ƙarfi har maƙwabta su ji. Ita ce dai ba ta taɓa waiwayowa ba.