Wayar da Na Bi da Ita ta Bakin Ƙofa

Har gobe ban manta da wata ranar Arfa ba, kuma ku da kuke koyon aikin wutar mota gara ku ji daga bakina.

Lokacin ina aiki a wata warsha, wato gareji, a unguwar Jarwal ta Makka, a shekarun da motoci suka gama ƙwace wa raƙuma jigilar alhazai. Ana saura kwana uku a fita Mina sai ga Baba Sani, aminin mahaifina, mai yi wa alhazan ƙasar Hausa jagora. Ya kawo sabuwar motarsa a ɗora mata lasifika a sama, don in wani ya ɓace a kira shi da Hausa.

Ƙa'idar aikin a fili take. Ka huda rufin, ka sa zoben roba a ramin don kada ƙarfe ya ci waya, sannan ka bi da ita ta ciki har gaban direba. Na ɗauko abin huda ke nan sai ya riƙe mini hannu.

"Ɗana, motar nan ko wata ba ta yi ba. Kada ka huda mini ita."

Wallahi na san ba daidai ba ne. To amma mutumin da ya raɗa mini suna, da wane baki zan yi masa musu? Na bi da wayar ta saman ƙofa, na naɗe ta da ƙyalle, muka gwada, murya ta fito raɗau.

Na bi motar zuwa Arfa a matsayin mai gyara. Ƙofar nan kuwa ba ta huta ba, a buɗe a buga, wannan na neman ruwa, wancan na neman inuwa. Bayan azahar wata tsohuwa, Inna Hauwa, ta zo ta ce mijinta ya fita alwala bai dawo ba. Shekara da shekaru suka yi a hanya ta Sudan, Larabci ko kalma ɗaya ba ya ji, ga ido ya yi rauni. Baba Sani ya ɗauki abin magana ya kira sunansa. Shiru. Ashe ƙofa ta datse wayar daga ciki, bawonta kuwa lafiya lau.

Na hau rufin, ƙarfe na gasa mini ƙafa, ina lalube taƙi-taƙi. Kafin in gano wurin in haɗa, la'asar ta yi. Muna fara kira sai wani mai sayar da ruwa ya zo ya ce ya ga mutane sun taru a kan wani tsoho bayan tantuna. Tsakaninsa da mu bai fi jifa biyu ba. Muka tarar mijin Inna Hauwa ne, zafin rana ya kayar da shi, rai ya yi halinsa.

Kowa cewa yake ya dace, ya cika a Arfa cikin harami. Inna Hauwa ma da ta ga ƙafafuna sun yi bororo sai ta dafa kaina tana sa mini albarka. Da marina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma tun daga ranar, duk wanda ya ce kada a huda masa rufi, ko ubana ne, sai in durƙusa in gaishe shi, in ce ya kai motar wani wuri. Kunyar babba ce ta hana ni magana, wanda ya kwana a ƙasa kuma bai ma san sunana ba.