Abin da Tsohon Ɗan Italiya Ya Faɗa a Gonar Alkama

Mun tashi da asuba ranar Asabar, ni da tsohon injiniya ɗan Italiya da nake tuƙawa a wurin aikinmu na gini a Dir'iyya, nan ƙasar Larabawa. Saura mako guda ya ajiye aiki ya koma ƙasarsu, ya ce kafin nan yana son ganin gona, siminti ya ishe shi.

A kasuwar Aziziya muka tsaya, manyan motoci na ta sauke tumatir da kankana. Na sayo mana shayi da gurasa da ful, dafaffen waken Larabawa, na riyal goma. Mutumin da ko ayaba sai da cokali yake ci a ofis, ranar har yatsa ya lasa.

Hanyar Kharj sumul take, ba rami ko ɗaya, sai rairayi. Can muka hango alkama kore shar a tsakiyar hamada. Mai gadin gonar ɗan Maraɗi ne, yana jin gaisuwata ya buɗe mana ƙofa.

Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya shafa zangarniya ɗaya, ya ce, "Granicoltura." Na ce ya fassara mini. Cikin gurgun Larabcinsa ya ce haka suke kiran noman hatsi. Grano hatsi ne, daga tsohuwar kalmar Latin mai nufin ƙwaya. Coltura kuma daga colere, wato ka nome wuri, ka zauna a cikinsa, ka kula da shi.

Na ce, "Ai mu ma kula muke cewa."

Ya yi dariya ya ce babu dangantaka, amma ya bar mini. Daga baya ya ce gonar mahaifinsa shi da kansa ya sayar yana saurayi, yanzu wurin ajiye motoci ne.

Ban gaya masa cewa kwana uku ke nan yayana yana jiran amsata kan sayar da gonar geron marigayi babanmu ba.

Bayan la'asar na sauke shi, na koma ɗakina a unguwar Gubaira, na kira gida. Na ce, "Yaya, a bar gonar nan. Zan nemi hutu da damina."

Ya ce, "To, fartanyarka tana nan."

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: nesa ba ta ɗauke wa mutum kula da inda ya fito. Tsohon kuwa, da zan raka shi filin jirgi, ya ce in aiko masa da hoton geron.