Makin da Yaya Ya Tara

Shekara ashirin da biyu yayana ya yi yana gyaran injinan wankin ƙoda. Duk garin da inji ya tsaya, can kamfaninsu zai tura shi, wani makon har sau uku, a ƙananan jiragen nan da kafin ka shanye shayinka sun sauka. Kowa Injiniya yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Duk hawa ɗaya kamfanin jirgin na zuba masa maki a wani kati, makin da in ya taru ake karɓar tikiti da shi. Abokan aikinsa a kujerar gaba suke kashe nasu. Yaya kuwa har ya yi ritaya ko ɗaya bai taɓa ba, wai yana ajiye wa babbar tafiya.

Yana da wata ƙa'ida a aiki. Ba ya kwance inji sai kowace ƙusa da kowace roba da zai buƙata suna jere a kan tsumma a gabansa. Farkon fara aikinsa ya taɓa buɗe wani inji, ya tarar babu wata 'yar roba, marasa lafiya suka yi kwana biyu ba wanki. Tun daga nan bai sake fara abin da bai ga ƙarshensa ba. A asibiti ƙa'idar ta sa ana yabonsa. A gida kuwa, ni da nake ƙanwarsa na sha takaicinta.

Ranar biyu ga wata Auta ta kira. 'Yarsu ce ta ƙarshe, tana aure a wata ƙasa mai nisan da sai an canja jirgi sau biyu. Likitoci sun sa mata ranar sha tara don aikin zuciya. Ta ce, "Baba, so nake in gan ku, kai da Mama, kafin a shiga da ni."

Biza suna da ita tun bara, sun karɓa ba su je ba. Kuɗin tikiti biyu ya fi ƙarfin ɗan fansho, amma makin ya isa mutum biyu zuwa da dawowa, da ƙyar. Matsalar ita ce kujerun da ake bayarwa da maki 'yan kaɗan ne a kowane jirgi, kuma duk wanda ya riga ya ɗauke. Na ɗauko kwamfutata na same shi a teburin cin abinci, Anti matarsa na gefe tana ninke kaya.

Da buɗewar farko muka ga kujera biyu ranar sha huɗu, a jirage ukun duka. Na ce, "Yaya, kama su."

"Na dawowa fa?"

Na duba. Babu biyu a rana ɗaya, sai ɗaya nan ɗaya can.

"To a dakata," in ji shi. "Ba zan kai uwarta wata ƙasa ban san ranar da zan dawo da ita ba."

"Dawowa ai ba ta da gaggawa. Ku isa tukuna."

Ko kallona bai yi ba. Ya jawo takarda da rula ya zana gidaje shida, uku na zuwa uku na dawowa, ya ce sai sun cika zai danna. Na san fuskar nan tun muna yara. Na haɗiye maganata, kuma har yau ina jin haushin kaina da na haɗiye.

Kullum da safe kafin in wuce aiki sai in biya mu duba. Kwana uku kujerun sha huɗu suna nan suna kallonmu. Rana ta huɗu suka ɓace. Ya ce ba komai, akwai na sha biyar. Su ma suka tafi. Saura na sha shida, wanda zai sauke su kwana biyu kafin aikin, bayansa kuma babu komai sai ashirin da uku. Anti ta daina zama kusa da teburin. Daga kicin nake jin ƙarar tukwane fiye da yadda wanke-wanke ke buƙata.

"Yaya, don Allah," na ce. "Wannan ba inji ba ne."

"Na fi ki sanin abin da nake yi."

Ranar tara ga wata na dawowa suka fito, biyu reras a rana ɗaya. Yaya ya cike gidaje ukun da biro, har da ɗan murmushinsa na wanda ya ci gardama. Muka koma shafin zuwa. Na sabunta shi sau biyu don ban yarda da idona ba. Kujera ɗaya ta rage.

Ya kira kamfanin jirgin. Minti arba'in muna jin kiɗan jira kafin wata ma'aikaciya ta ɗauka. Ya yi mata bayanin shekarunsa da katin, ya yi mata bayanin Auta. Ta saurara da haƙuri, ta duba wasu hanyoyin, ta ce babu. Abin da za ta iya shi ne ta riƙe wannan ɗayar na minti goma. "Sunan wa zan sa?"

Anti na tsaye a bakin ƙofa, hannunta da kumfa. Ta ce, "Kai ka je. Ban taɓa hawa jirgi ba, ina zan iya canji har biyu ni kaɗai?"

"Za ki iya. Zan rubuta miki komai, ƙofa bayan ƙofa."

"Injiniya, mu biyu ta ce."

Ya koma kan wayar. Ya buɗe fasfonta ya fara karanto lambar, ya yi kuskure, ya sake daga farko.

Da rana ya kira Auta. Na zaci zai ɗora wa kamfanin jirgin laifi, ni kaina da haka zan yi. Sai na ji yana cewa, "Kujera biyu muka samu tun ranar farko. Gwaggonki ta ce in kama, na ƙi." Can ta ce, "To Baba, ka bar wayarka a kunne ranar."

Anti ta isa lafiya da takardarsa a jaka. Ranar sha tara na je gidan da niyyar ba zan ce masa uffan ba, don har lokacin raina a ɓace yake. Wayar ta yi ƙara. Anti ce, ta kara wa Auta a kunne ana tura gadonta, muna jin ƙarar tayoyin. Yaya ya buɗe baki sau biyu kafin magana ta fito.

"Ina nan, Auta. Ina nan."

Suka kai ƙofar da ba a shiga da waya, layin ya yanke. Bai sauke wayar daga kunnensa ba. Awa shida aka ce aikin zai ɗauka. Na jawo kujera na zauna kusa da shi.