Gadon jaririn da muka haɗa a Gurda

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da wata biyun da na yi ina haɗa gadon jariri a Sabha, ni da wani tsohon Bature mutumin Sifaniya. Na yi ƙofofi da tagogi da ban san adadinsu ba a rayuwata, duk sun bi iska a ƙwaƙwalwata. Amma wannan ɗan gadon, ko yanzu aka ba ni katako zan iya sake yin sa ba tare da na duba awo ba.

Lokacin man fetur ya buɗe a Libiya, Sabha kuwa kamar ana hura ta. Inda ka bari fili wannan wata, wata mai zuwa ka tarar da bene. Ni daga Damagaram na taso a bayan kamyo, wato babbar motar kaya, na bi ta Agadas da Dirku, da zartona da gudumata a cikin buhu. Na sauka a unguwar Gurda a cikin Sabha, mu shida a ɗaki ɗaya, duk 'yan Nijar. Aikina a shantiye, wurin ginin ke nan, shi ne kofaraji, wato haɗa katakon da ake zuba kankare a ciki. Aiki ne na ƙarfi da sauri, ba na kyau ba, tunda da kankaren ya bushe ɓalle katakon ake yi a jefar.

Shugaban kafintocin kamfanin shi ne wannan tsohon. Gajere ne, mai furfura, kullum da fensir a bayan kunne. Faɗa gare shi, amma ba ya zagi. Mu a tsakaninmu Tsoho muke ce masa, a gabansa kuma Shef. Shi ya san ɗan Faransanci, ni ma na tsinci kaɗan a gida, sai mu haɗa da guntun Larabcin kasuwa da nuni da hannu, magana ta tafi.

Wata ranar Talata injin zarto ya kama hannunsa na dama. Ban gani da idona ba, ina can saman bene, jinin kawai na tarar a kan teburin. Likitoci sun ceci yatsun, amma biyu daga ciki sun daina lanƙwasawa. Bayan kwana goma ya dawo da hannun a rataye a wuya, ya rame, faɗan ma ya ragu.

Da aka tashi aiki ran nan sai ya yafuto ni. Ya dube ni ya ce, "Kuna."

Na ɗauka Hausa ya fara koya yana so ya gaishe ni. Na ce, "Muna lafiya, Shef. Ya hannu?"

Ya girgiza kai, ya sake cewa, "Kuna." Na sake cewa muna lafiya. Sai ya ciro fensirinsa, ya zana wani abu a kan guntun katako da hannun hagu, zanen yana karkacewa. Akwati ne mai sanduna a gefe, ƙasansa a lanƙwashe. Ya rungume iska kamar mai riƙe da jariri yana jijjigawa. Nan na gane gadon jariri yake nufi, kuma a harshensu haka sunansa yake, cuna. Da na bayyana masa abin da kalmar ke nufi a Hausa, ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba.

'Yarsa ce ke da ciki a can ƙasarsu, haihuwar fari. Hutunsa saura wata biyu, ya riga ya sayi katakon ya ajiye, sai ga hannu ya tafi. Ya ce, "Usta, kai ne za ka zama hannuna." Usta shi ne yadda 'yan Libiya ke kiran gwanin sana'a, kuma kafin ranar ba wanda ya taɓa kira na da shi.

Muka riƙa zama a rumfar kafintoci bayan tashi daga aiki har kiran magariba, ranar Juma'a kuma daga saukowa masallaci. Shi yana zaune a kan bokiti kife, ni ina aiki. Ban taɓa shan wahalar mai gida irin tasa ba. Ya hana ƙusa ko ɗaya, wai jariri yana iya jin ciwo, komai sai an fafe an zura an ɗaure da 'yan turakun katako. Tazarar sandunan gefe da yatsunsa uku na hagu yake aunawa, don kada kan yaro ya shige. In na goge katako na ce ya yi, sai ya shafa shi a kumatunsa ya miƙo mini ya ce saura. Ƙafafun da ke lilo sau biyu na yi su. Na farkon ba su daidaita ba, da muka jijjiga gadon sai ya kama tafiya a hankali yana nufar ƙofa. Tsoho ya bi shi da kallo ya ce, "Wannan zai riga ni isa Sifaniya."

A cikin wannan zaman ne ya riƙa zuba mini kalmomi, ni kuma ina rubutawa da ajami a jikin bangon rumfar. Doguwar kujerar da ake ɗora yaro a ba shi abinci, trona, ya ce ta kusa da sunan karagar sarki a harshensu, kuma daidai ne, don duk gidan da aka haifi yaro an yi sabon sarki. Keken koyon tafiya, andador, ya ce sunan ɗaya ne da abin da tsofaffi ke dogarawa in ƙafa ta gaza, ya nuna kansa ya ce ya kusa komawa ciki. Ni ma na koya masa goyo da zani da majanyi. Ya yi mamaki da na ce mu jaririnmu ba shi da gado sai bayan uwarsa, in dare ya yi kuma gefenta.

Wadda ta fi tsaya mini ita ce moisés. Ya ce yana son ƙaramin kwando mai hannu biyu wanda za a sa jaririn a makonnin farko. Na ce a maimaita sunan. Ya maimaita, ya ce sunan wani annabi ne da uwarsa ta sa shi a kwando ta saka a kogi. Na ajiye zarto. Na ce, "Shef, Annabi Musa kake nufi?" Na ba shi labarin yadda malaminmu ya karantar da mu, da Fir'auna, da 'yar'uwar da ta bi bakin ruwa tana leƙe. Yana ta gyaɗa kai, wani wurin ma yana riga ni. Ni a lokacin, da ƙuruciyata, ban taɓa zaton Bature ya san Annabi Musa ba, balle a ce a garinsu kowace uwa tana kiran sunansa a kan kwandon ɗanta. Ranar Juma'a na kai shi unguwar Manshiya wurin wata tsohuwa Bafazzaniya, 'yar asalin yankin, mai saƙar ganyen dabino. Ta auna da damtsenta, ta ce mu dawo bayan mako. Da ta ji na jikan fari ne, ta saƙa jan zare a bakin kwandon ba tare da an ce ta yi ba.

Wata rana ina goge kan gadon sai na tambaye shi sunan garinsu. Ya faɗi wani ƙauye a cikin duwatsu, ya ce, "Can ne cuna ɗina." Na ce ai cuna ga shi nan muna yi. Ya ce kalmar tana da wata fuska: inda aka haifi mutum, inda ya fito, shi ma cuna ne. Na ce to mu ma haka muke, mahaifa tana cikin uwa, kuma garin mutum ma mahaifarsa ce. Ya sa na maimaita masa har ya iya faɗa.

Sai ya ce akwai ta uku. In an ce mutum de buena cuna ne, wato daga gado mai kyau ya fito, ana nufin ɗan babban gida. Na ce ɗan asali ke nan. Ya ce to mijin 'yarsa irin waɗannan ne, lauya ɗan lauya. Shi kuwa kafinta ne ɗan makiyayi. Ranar bikin a teburin ƙarshe ya zauna, ba don an ce ya zauna can ba, shi ne ya ga hannayensa ba su dace da farin ƙyallen teburin gaba ba. Tun daga ranar bai taka gidan ba, kuma bai taɓa yin hirar minti biyar da surukin nasa ba.

Na ce, "To Shef, irin wannan gida ai ba za su rasa gadon jariri ba."

Ya ce ya sani. Ya ce lokacin da aka haifi ita 'yar tasa yana aiki a wata ƙasa. Ya yi wa matarsa alkawarin zai dawo ya yi gado, bai dawo ba sai da yarinya ta shekara biyu. A cikin aljihun kabad aka shimfiɗa mata tsumma ta yi jarirantakarta, 'yar kafinta guda. Matar ta rasu ba ta taɓa yi masa gori ba. Ya ce, "Wannan gadon nata ne, usta. Na makara da shi ne kawai."

Daga nan ya tambaye ni ko ina da iyali. Na ce ina da mata a Damagaram, da 'ya mace da aka haifa bayan tahowata, wasiƙa ce ta gaya mini. Ya ce wata nawa? Na lissafa na ce tara. Ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya ce in ci gaba da gugar.

Mun gama saura kwana uku tafiyarsa. Da yake a jirgi zai tafi, sai muka warware gadon gunduwa-gunduwa. Don kada ya rikice wurin haɗawa, na sa wa kowace mahaɗa alama da haruffan ajami, alif ya shiga alif, ba ta shiga ba. Ban yi tunanin cewa ba mai iya karanta su a can ba, shi ma bai lura ba. Muka naɗe komai da bargo, kwandon kuma ya riƙe a hannu.

Mako shida ya yi. Ni kuwa kullum ina saman kofaraji ina tunanin ko sun karɓa, ko sun jefa a ɗakin ajiya. Abin ya dame ni fiye da yadda zan iya gaya wa abokan ɗakina, don su a wurinsu aikin banza na yi.

Ranar da ya dawo na jira sai da aka tashi aiki. Muka zauna a rumfa, ya ce namiji aka samu. Ya ce yadda na faɗa haka ya tarar, akwai gadon gidan, na kakannin kakanni, da labule da komai, uwar mijin ta riga ta kafa shi. Da ya kwance bargonmu a tsakar ɗaki, tarin sanduna ne kawai, ga shi da hannu ɗaya ba ya iya haɗawa. Ya ce bai taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, har ya fara mayar da su cikin bargon. Sai surukin ya tuɓe kwat ɗinsa, ya durƙusa, ya ɗauki sanda ɗaya ya ce wannan rubutun fa? Tsoho ya ce na wanda ya yi gadon ne, shi ma bai iya karantawa ba. Suka wuni a ƙasa su biyu suna gwada haruffan, ƙugiya da ƙugiya, ɗigo da ɗigo, sau biyu suna haɗa shi a juye. A nan ya ba surukin labarin hannun, da Sabha, da ni, har da aljihun kabad. 'Yar tana zaune da jariri a kwandon dabino tana jin su, ita ma ranar ta fara jin labarin alkawarin.

Na ce, "To wanne aka sa yaron?"

Ya ce na kakanni yana falo, nan ake kwantar da shi in baƙi sun zo, don kada ran uwar miji ya ɓaci. Namu yana ɗakin kwana, gefen gadon uwar yaron. Ya ciro hoto ya ba ni. Ba a ganin fuskar yaron sosai, amma ana ganin sandunan, da ɗan alif ɗina a kusurwa.

Ina kallon hoton ya ce, "Taka yanzu ta shekara, ko?" Na ce ta kusa. Ya ce ya riga ya yi magana da mudir, wato manajan kamfanin, an ba ni wata uku, kuma aikina yana nan in na dawo. Na fara cewa ban tara abin da na zo nema ba. Ya ce, "Ni ma haka na ce lokacin da aka haifi tawa."

Na hau kamyo a makon. Da na isa gida yarinyar tana tafiya da kanta, tana ganina ta ruga bayan uwarta ta ɓuya. Kwana tara ta yi kafin ta yarda na ɗauke ta, ina ƙirgawa. Na koma Sabha bayan hutun, na sake shekaru ina aiki, amma ban ƙara haɗa shekara biyu ban je gida ba, ko da hannu wofi ne. Tsoho kuwa bai daɗe ba ya ajiye aiki ya koma ƙasarsu, daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Abin da na koya a rumfar nan shi ne, mu da muke fita nema muna ɗauka gida yana tsaye yana jiranmu yadda muka bar shi. Ba ya tsayawa. Yaro girma yake yi ko kana nan ko ba ka nan, kuma watannin da ka rasa ba a sayar da su a kowace kasuwa. Shi Allah ya ba shi jika ya rage hasara, ni kuma Allah ya ba ni shi ya gaya mini tun da sauran lokaci.