Bolek Mai Sana'ar Shiga Hannu

A shekarun da gwamnati ta haramta giya, kowa a unguwarmu ta 'yan ƙasar Folan da ke birnin Detroit ya samu abin yi. Wani yana dafa ta a bahon wanka, wani yana haurowa da ita daga Kanada a kwalekwale. Shi kuwa maƙwabcina Bolek Zaremba, sana'arsa ita ce a kama shi.

'Yan sanda dole su nuna wa manyansu suna aiki, masu mashaya kuma ba sa son kwana a caji ofis. Saboda haka Saje Tierney kan aiko tun da safe cewa yau za a kai samame wuri kaza. Mai wurin sai ya kira Bolek ya tsayar da shi bayan kantar sayar da giya. In an banko ƙofa an ce, "Giyar waye?" sai Bolek ya ce, "Tawa ce," ya ɗauki hularsa, ya miƙa hannuwa biyu a sa masa ankwa. Bayan kwana biyu mai wuri ya biya tara, ya sallame shi. Kuma bawan Allahn nan ko ɗigo bai taɓa sha ba, gyambon ciki gare shi, madara ce abin shansa.

Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Stefka. Kusan a kicin ɗina ta girma. Ranar da ta gama makaranta ma uban yana tsare a caji ofis. Abin yana yi mini ciwo, kuma ban taɓa ɓoye masa ba.

Da aka sa ranar aurenta, a gabana ta ce, "Baba, abu ɗaya nake roƙo. In an cire mini lulluɓi, kai za ka fara rawa da ni. Don Allah kar a kama ka ranar."

Ya rantse mata. Ya ƙi karɓar aiki duk makon. Ya kuma sayi gangunan giyar biki da guminsa, yana zagaya su yana shafawa kamar mai sabuwar saniya. Shekara da shekaru yana amsa sunan mai giya, sai yau ya mallaka.

Ran Asabar da la'asar zauren biki ya cika. Ina cikin raba naɗin kabeji sai aka banko ƙofa. Wani sabon jami'i ne daga Washington, yaro ɗanye, wanda bai san ana aiko saƙo tukuna ba.

"Giyar waye wannan?"

Duk zauren ya juya ya dubi Bolek, har da ni. Sabo turken wawa! Kafin hankalinsa ya iso, bakinsa ya ce, "Tawa ce," hula ta hau kai, hannuwa sun miƙe. Stefka ta ce, "Baba!" Sai a lokacin ya tuna rantsuwarsa, ankwa kuwa ta riga ta rufe.

Na bi su caji ofis da ludayi a hannuna. Saje Tierney yana ganinsu ya fashe da dariya.

"Yaro, ka san wa ka kamo? Wannan ko kofi bai mallaka ba. Sake shi ka je ka nemo mai giyar."

Maimakon Bolek ya gode wa Allah, sai ya fusata.

"Haba Saje! Na rantse tawa ce! Da gumina na saya!"

"Kai dai ka iya aiki, Bolek. Ko ran bikin 'yarka ba ka hutu?"

"Na ce tawa ce!"

Saje ya daina dariya. "To. In taka ce, ka zauna sai Litinin ka ga alƙali. In ba taka ba ce, ga ƙofa."

Na ɗaga ludayi na ce, "Kai, tsohon kawai, yarinya tana can tsaye da lulluɓi tana kuka, kai kana nan kana neman suna!"

Bolek ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce a hankali, "Ba tawa ba ce." Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Da muka koma an tuntsurar da gangunan a kwata, amma Stefka ta hana kowa taɓa lulluɓinta. Mata suka kewaye ta da waƙa suka cire. Makaɗi ya ɗaga murya ya ce, "Amaryar nan 'yar waye?"

Duk zauren ya juya ya dubi Bolek.

"Tawa ce," in ji shi. Ya miƙa hannuwa biyu yadda ya saba, Stefka ta kama su.